Dodo: Daga Dutsen Kwatarkwashi Zuwa Dandalin Tashe

Dodo, jam'insa dodanni, suna ne da Bahaushe ya laƙaba wa halitta mai ban tsoro wadda ita ba mutum ba, ba kuma dabbar da aka sani ba. A tarihin ƙasar Hausa sunan ya hau kan abubuwa uku: abin tsafin da ake ɓoye wa mata da yara, mugun nan na cikin tatsuniya mai haɗiye mutane, da kuma yaron da ya shafe jikinsa da toka, ya yafa bunu, ya tsaya ƙofar gida da daren azumi yana gurnani don a ba shi sadaka. Yankin Gusau da Tsafe da Bunguɗu, a Jihar Zamfara ta yau, ya ga duka ukun, kuma a nan ne ake iya bin sawun yadda abin da ya taɓa kaɗa hantar manya ya koma wasan yara.

Magiro

Duk matafiyin da ya taso daga Tsafe ya nufi Gusau, sai ya yi ido biyu da dutsen Kwatarkwashi, wanda ya tokare sama a gefen hanya, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu. Kafin Musulunci ya kafu a yankin, wannan dutse shi ne mazaunin Magiro, tsafin da Maguzawan wurin suke bauta wa. In ana lissafa tsafe-tsafen Hausawa na dauri, da wuya a ambaci Tsumburbura ta dutsen Dala a Kano ba a biyo da Magiro na Kwatarkwashi ba. A dutsen ne kuma ake bikin kamun maiki a da, inda jarumai kan hau ƙololuwa su kamo tsuntsun da hannu, jama'a na ƙasa suna jira.

Sunan Magiro bai tsaya nan ba. An san shi a wajen Kamuku da Kambari da ke kudu da Zamfara, a matsayin wakilin kakannin da suka riga mu gidan gaskiya. A kudancin Jihar Kaduna ma, Atyap da Bajju da Ham suna da irin nasu, kowa da sunan da yake kiran sa, amma Bahaushe ya haɗa su duka ya ce dodo.

Yadda abin ke gudana a waɗancan wurare a da ya nuna inda ƙarfin dodo yake. Ba a cika ganin sa ba, muryarsa ake ji. Da dare ya tsala sai wata irin ƙara ta taso daga kurmi, wadda mazan da suka san asiri suke fitarwa ta cikin bututun gora da aka liƙe bakinta da yanar gizo. Mata su shige ɗaka, yara su ƙanƙame iyayensu. Dodo zai nemi abinci da giya, a dafa a kai, mazan su cinye a ɗakin tsafi. Da wannan murya ake tsawata wa ɓarawo, a raba gardama, a hana taɓa amfanin gona kafin lokaci. Wanda ya tona asiri kuwa, hukuncinsa mai tsanani ne. A wancan zamani dodo hukuma ne, babu wasa a cikin lamarinsa.

Bayan jihadi

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya fara a 1804, ya sauya fasalin yankin. 'Yandoto, tsohon garin malamai da ke kusa da Tsafe, ya faɗa hannun Muhammadu Bello a farkon yaƙin, kuma daga can Malam Sambo ɗan Ashafa ya fito ya kafa Gusau. Sannu a hankali tsafi ya yi ta ja da baya, daga gari zuwa ƙauye, daga ƙauye zuwa gindin duwatsu, har ya zama labari.

Dodo dai bai mutu ba. Ya ƙaura ne zuwa bakin tsofaffi mata. A tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, da waɗanda Tremearne ya fitar a 1913, dodo na nan birjik: ƙato mai gashi buzu-buzu, mazaunin kogi ko dokar daji. Yakan taimaki mace bisa alkawarin za ta ba shi ɗiyarta, sannan ya zo karɓa. Yakan haɗiye gari sukutum, sai wani ƙaramin yaro ya farke cikinsa kowa ya fito. Ga ƙarfi, ga wauta, shi ya sa Gizo ke juya shi yadda ya so. A nan yaron Hausa ya fara koyon jin tsoro yana jin daɗi, a kan tabarma, kusa da kakarsa. Har gobe uwa kan ce wa ɗan da ya ƙi barci, “Yi shiru, ga dodo nan.”

Tashe

Matakin ƙarshe shi ne wanda yaro ya daina jiran dodo, ya zama dodon da kansa. Wannan ya faru ne a cikin tashe.

Bahaushe ya kasa azumi gida uku: goma na marmari, goma na wuya, goma na ɗokin salla. Tashe na farawa ne in azumi ya kwana goma, daidai lokacin da jiki ya fara nauyi, ana bukatar abin da zai sa a murmusa. Masana na danganta sunan da tashi, wato tayar da mutane sahur. Gwauro ba shi da mai dafa masa, dole ya farka da wuri, daga nan ya bi unguwa yana kaɗa gwangwani ko ƙwarya yana tada maƙwabta. A Kano al'adar ta samu sarauta: Nalako, sarkin gwauraye, wanda kan kamo mazan da suka rabu da matansu ba su sake aure ba, ya ɗaura musu igiya, ya zaga gari da su ana kiɗa ana tsokana.

Daga hannun gwauraye wasan ya gangaro wa yara da samari, suka mai da shi bayan shan ruwa da asham. Wasanninsa suna da yawa, har Muhammad Balarabe Umar ya tattara su a littafinsa Wasannin Tashe, wanda aka buga a Zariya a 1981. Akwai Jatau mai magani, da ke jera sunayen itatuwa da saiwoyi. Akwai Tsoho da gemu, mai tafiya a duƙe yana dogara sanda. Akwai Mairama da Daudu, wasan 'yan mata da ke koya zaman aure, da Samodara, da dokin kara. Kowanne da jigonsa, kowanne da wanda yake yi wa hannunka mai sanda: malami mai kwaɗayi, miji marowaci, mace ƙazama.

A cikinsu akwai masu shigar tsoro, kuma su ne suka fi cin aiki. Ba a sayen komai. Fasasshiyar ƙwarya ce za a huda wa idanu biyu da wawakeken baki, a kafa mata haƙora na sillen kara. Bunu da tsummoki su rufe jiki har ƙasa. Gawayi da toka da farar ƙasa su ɓad da kamannin hannu da ƙafa. A ɗaura gwangwanaye da 'yan duwatsu a ciki don kowane taku ya yi ƙara. Auduga kuwa, wadda ake liƙawa a yi gemu da gira, ba ta taɓa yi wa yaran Gusau wuya ba, domin garin ya zama babbar kasuwar auduga da gyaɗa tun da jirgin ƙasa ya iso, daga baya kuma ya samu masaƙa. Zamani ya ƙaro kwali da buhun leda da tocila, wadda ake haskawa daga ƙarƙashin haɓa fuska ta koma wani abu daban.

Ana kwanaki ana wannan haɗi a zaure ko bayan gida, a ɓoye, don kada ƙannai su gani asiri ya tonu. Wannan ɓoyo gado ne daga dodon farko.

Ranar fita, sai ayari ya tsaya ƙofar gida ya yi sallama. In an ba da izini su shiga tsakar gida, ɗaya na riƙe da igiyar da aka ɗaure dodo, sauran na kiɗa da amshi. Dodo ya yi gurnani, ya zabura kamar zai tsinke. Ƙananan yara su ranta a na kare, su ɓuya bayan zanen uwa, suna leƙe ta gefe. Manya su yi ta dariya, wata tsohuwa ta ce ai ta gane ƙafar jikan wance. A ɗebo gero ko dawa a tasa, ko a miƙo 'yan kuɗi, ayari ya yi godiya da addu'a, ya nufi gida na gaba. Abin da aka tara akan raba, ko a haɗa a yi dafa-duka bayan salla.

Dodo a Wagadugu

Fatake sun ɗauki wasan sun yi nisa da shi. A ƙarni na 19 'yan kasuwar Hausa da ke bin hanyar goro zuwa Gwanja suka kafa zango a Wagadugu, babban birnin Mosawa, kuma tare da su wasan ya shiga garin. Har yau sunansa dodo a Burkina Faso, kuma a watan azumi ake yin sa. Labarin da ake bayarwa a can shi ne na wani maharbi da ya karya dokar ranar Juma'a ya fita farauta, sai aka mai da shi rabi mutum rabi dabba. Yaran Wagadugu, Musulmi da Kirista, kan haɗa ƙungiya, su ƙera fuskokin namun daji da ƙwarya ko kwali ko gwangwani, ɗaya ya fito a maharbi da kwari da baka, su bi gida-gida suna rawa. Hukumomin birnin sun rungumi abin har ana shirya gasa, kuma Ba'amurkiya Priscilla Hinckley ta yi nazari mai zurfi a kansa a shekarun 1980. Wasan da ya taso daga ƙasar Hausa ya samu gata a ƙasar baƙi fiye da wanda ya samu a gida.

Takwarorinsa a duniya

Yara masu bin gida-gida da dare suna neman kyauta ba a ƙasar Hausa kaɗai suke ba. A Kuwaiti da Bahrain da Katar suna fita a tsakiyar azumi da jakunkuna a wuya, a zuba musu alewa da gyaɗa. Wanda ya fi shahara shi ne Halowin, da ake yi daren 31 ga Oktoba. Tushensa tsohon bikin ƙarshen kaka ne na mutanen Ailan da Sikotlan, waɗanda suka yi imani cewa a daren matattu kan kusanto masu rai. Yunwar da ta auka wa Ailan a shekarun 1840 ta kori dubban mutane zuwa Amurka, suka tafi da al'adarsu, a can aka koma fafe kabewa ana huda mata ido da baki, a sa kyandir a ciki. Wanda ya san ƙwaryar tashe ba zai yi baƙunta da wannan kabewa ba.

Akwai wani babi na tarihin Halowin da ya shafi halin da tashe ke ciki yau. A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye, tsokanar samari a daren ta rikiɗe ta zama ɓarna: fasa tagogi, kifar da motoci, cinna wuta. Wasu garuruwa suka yi tunanin hana bikin ɗungurungum. Iyaye kuwa suka ɓullo da wata dabara. Maƙwabta suka riƙa gyara ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da bayan gidajensu su zama gidajen tsoro, da duhu, da zanen gado mai kama da fatalwa, da muryoyi daga lungu, yara na bi daga wannan gida zuwa wancan a gaban idon manya. Kamfanin Disney ya buɗe katafaren gidan fatalwa a Kalifoniya a 1969, abin ya zama sana'a, amma har yanzu akwai iyalan da kan shafe makonni suna gina nasu a bayan gida da katako da tsumma, su buɗe wa 'yan unguwa kyauta.

Halin da ake ciki

Tashe na fuskantar irin wannan jarrabawa. A Kano 'yan sanda sun sha dakatar da shi a 'yan shekarun nan, saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya da ke fakewa da taron. A Zamfara matsalar ta fi haka girma. Hare-haren 'yan bindiga, waɗanda suka addabi jihar fiye da shekara goma, sun taɓa ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu ƙwarai, har a Satumbar 2021 aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako. Ƙauyen da ake kwana da ido ɗaya ba ya sakin yara yawon dare, kuma ƙarar gwangwani a duhu ta daina ba kowa dariya. Ga talabijin da wayar hannu, da suka cinye sa'o'in da a da ake ɓatawa wajen fafe ƙwarya.

Abin da za a rasa in wasan ya ɓace ba kaɗan ba ne. A tashe yaro ke fara ƙera abu da hannunsa, ya tsara wasa da abokai, ya yi sallama a gidan da ba nasu ba, ya tsaya gaban manya ba tare da rawar murya ba. Ƙanensa kuma ya koyi cewa a bayan fuskar nan mai haƙoran kara akwai ɗan maƙwabta da ya sani.

Dabarar iyayen Amurka na nan kusa da hannu, domin tsakar gida da zaure da ƙofar mai unguwa su ne dandalin tashe tun asali. A Gusau, unguwa kamar Tudun Wada ko Sabon Gari ko Birnin Ruwa za ta iya keɓe fili guda bayan asham, dattawa na zaune, a tashi kafin dare ya yi nisa. Makarantun firamare da na Islamiyya za su iya ware yammaci ɗaya cikin goma na wuya, kamar yadda Wagadugu ta yi da gasarta. Kayan aikin ba su wuce fasasshiyar ƙwarya da damin bunu da toka daga murhu ba, kuma a kowace unguwa ta Gusau akwai tsoho ko tsohuwa da suka san inda ake huda idon.