Gambo Sawaba, ɗiyar baƙo da ta riƙa wa matan Arewa tuta

A ƙasar Nijar, in aka ambaci kalmar Sawaba, hankalin dattawa yakan koma kan Djibo Bakary, magajin garin Yamai na farko da aka zaɓa a 1956, da jam'iyyarsa wadda ta ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta Satumban 1958, aka kuma haramta ta a 1959. A ƙetaren iyaka kuwa, a Kano da Zariya, kalmar tana da nata tarihin. Ita ce taken jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ran 8 ga Agustan 1950, wadda Malam Aminu Kano ya shugabanta daga baya. A can ne kalmar ta manne wa wata mace har ta zame mata suna, wato Hajiya Gambo Sawaba.

Mahaifinta, Isa Amartey Amarteifio, mutumin ƙasar Gana ne, wadda a lokacin ake kira Gwalkwas. Ma'aunin ƙasa ne, ya zo Nijeriya wajen 1910 ya kama aiki da hukumar jirgin ƙasa, daidai lokacin da ake shimfiɗa dogon da ya isa Kano a 1911. Ya musulunta, ya zauna a Zariya, ya auri wata Banufiya mai suna Fatima. A 1933 aka haifi Hajaratu, aka yi mata laƙabi da Gambo domin ta biyo tagwaye. Ke nan uba daga bakin teku, uwa daga ƙasar Nupe, harshe da tarbiyya kuwa na Hausa.

Zariyar da ta tashi a ciki gari ne da Turawan mulkin mallaka suka raba kashi-kashi. Birni mai ganuwa na Zazzagawa ne, Tudun Wada na baƙin Musulmi ƴan Arewa, Sabon Gari kuma na ma'aikatan dogo da ƴan kasuwa daga kudu da maƙwabtan ƙasashe. Wanda duk ya girma a wajen ganuwa yana ganin ikon sarki da En'e ta fuskar haraji da ɗan doka da kotun alƙali, amma ba shi da baki a fada. Gambo ta yi ƴan shekaru a makarantar elementare ta Tudun Wada, sai maraici ya katse mata karatu: uban ya rasu a 1943, uwar ta bi shi ba da jimawa ba. Tana da shekara 13 aka yi mata aure. Abubuwan da ta yi ta yaƙa daga baya, wato auren wuri da hana ƴaƴa mata ilimi da aikin tilas da haraji mai nauyi, yawancinsu ta ɗanɗana ko ta gani da idonta. Ciwon da ke jikinka ba sai an ba ka labarinsa ba.

Tana da kimanin shekara 17 ta shiga NEPU, ba a daɗe ba ta zama shugabar mata ta reshen Sabon Garin Zariya. Ta yi tattaki har Abekuta wurin Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ƙungiyarta ta mata ta tilasta wa Alake sauka daga gadon sarauta na ɗan lokaci a 1949 saboda harajin da aka ɗora wa mata. Daga nan sai jam'iyya ta tura ta Kano. Abin da ya gagari maza shi ta yi: ta riƙa shiga gida-gida tana magana da matan kulle, tana sayar musu da katin jam'iyya. Hukumar En'e ba ta ɗauki wannan da wasa ba. Aka kama ta, aka gurfanar da ita gaban alƙali, aka ɗaure ta, daga bisani aka kore ta daga Kano. Masu bin tarihinta sun ƙidaya ɗauri 16 da ta sha a rayuwarta, ban da dukan da ƴan bangar siyasa suka yi mata.

Akwai wani abin mamaki a cikin al'amarinta. Duk wannan wahala ta sha ta ne a kan zaɓen da ba ta da ikon jefa ƙuri'a a cikinsa. Majalisar Jihar Arewa da ke Kaduna, inda jam'iyyar NPC ta Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ke da rinjaye, ta maza ce zalla, kuma maza kaɗai ke zaɓenta. Matan kudancin Nijeriya sun sami ƙuri'a a cikin shekarun 1950, amma shugabannin Arewa suka ce lokaci bai yi ba. NEPU ta sa ƙuri'ar mata cikin buƙatunta, Gambo kuwa ta zama muryar wannan buƙata a dandalin taro. Nijeriya ta sami ƴanci a 1960, Jamhuriya ta Farko ta faɗi a 1966, matan Arewa ba su taɓa ganin akwatin zaɓe ba. Sai a 1976, ƙarƙashin mulkin soja, aka ba su wannan haƙƙi a zaɓen ƙananan hukumomi, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da shi. A lokacin Gambo ta haura shekara 40. A Jamhuriya ta Biyu ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim.

In muka waiwaya nesa, za mu ƙara gane nauyin wannan jinkiri. Rosemary Brown, wadda aka haifa a Jamaika a 1930, tsararta ce. Ta je Kanada karatu a farkon shekarun 1950, ta sha wariyar launin fata, amma a 1972 aka zaɓe ta a majalisar lardin British Columbia, baƙar mace ta farko da ta hau irin wannan kujera a ƙasar, ta kuma riƙe ta har 1986. Baƙuwar da ta ƙetare teku ta shiga majalisa shekara huɗu kafin Gambo ta sami izinin jefa ƙuri'a a ƙasar da aka haife ta. Ashe katangar da ta tare ɗiyar Amarteifio ba asalin ubanta ba ne, domin doka ba ta bambanta ta da ɗiyar sarkin Zazzau ba: dukansu mata ne, dukansu a waje suke.

Mu a Nijar hanyarmu ta bambanta, amma ba ta fi sauƙi ba. Dokar da Faransa ta kafa ran 23 ga Yunin 1956 ta ba maza da mata ƙuri'a baki ɗaya, shekara 20 kafin ƴan'uwanmu na Katsina da Kano. Duk da haka sai a 1989 mata suka fara zama a majalisar dokoki ta ƙasa. Sai da matan Yamai suka fito kan titi ran 13 ga Mayun 1991 kafin a ƙara musu gurbi a kwamitin shirya babban taron ƙasa, sai kuma a 2000 aka kafa dokar da ta ware musu kashi 10 cikin 100 na muƙaman zaɓe. Ƙuri'ar da ta zo a takarda daga Paris ba ta buɗe ƙofar majalisa ba sai da mata suka tura ta da hannunsu.

Hajiya Gambo ta rasu a watan Oktoban 2001. An sa sunanta ga babban asibiti a Zariya da wani masaukin ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano. Malaman makaranta da ƙungiyoyinmu na al'adu, waɗanda a garuruwansu ake yawan tambayar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, suna da abin koyarwa a cikin tarihinta. Zariya ba ta tambayi Gambo takardar asali ba kafin ta kira ta tata. Ta zama ƴar gari ne domin ta ɗauki kukan talakawan garin ta mai da shi nata, ta kuma biya kuɗinsa da jikinta.