Yadda Malaman Maradi Suka Fara Zama Tare a Kan Lissafi

Duk malamin firamare a jihar Maradi ya san CAPED. Taro ne da malaman makarantun da ke kusa da juna suke yi a makaranta guda, ko a cikin birnin Maradi, ko a Tibirin Gobir, ko a Jiratawa. Manyan mutane ne ke zama a kan bencin yara, alli a hannu, suna warware lissafin da za su koyar gobe. Wannan zama yana da tarihi, kuma larura ce ta ba shi ƙarfi.

A ƙarshen shekarun 1990 yawancin yaran Nijar ba sa zuwa lakwal. Dokar ilimi ta 1998 da shirin shekara goma da ya fara a 2003 suka sa aka yi ta buɗe makarantu a ƙauyuka. Azuzuwa suka yi yawa, malamai suka yi kaɗan. Sai gwamnati ta shiga ɗaukar malaman kwantiragi, har suka zama su ne mafi rinjaye. Wasu sun bi ta makarantun horar da malamai irin ta Bawa Jan Gwarzo da ke Maradi, amma da yawa sun shiga aji da ɗan gajeren horo. Ba za a iya kwashe su duka a mayar makaranta ba, don haka dole horon ya same su inda suke aiki.

Tunanin cewa malamai su koyi lissafi a junansu ya shigo Nijar ta hanya biyu. Ta farko daga Faransa, inda aka kafa cibiyoyin IREM a 1969 domin malaman jami'a da na sakandare su riƙa aiki tare. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tana da irin wannan cibiya. A kwalejoji da lise kuma, malaman darasi ɗaya suna da nasu rukunin da ake kira UP.

Hanya ta biyu ta taso daga Japan. Tun ƙarni na 19 malaman can suke shirya darasi tare, ɗaya ya koyar sauran suna kallo, sannan su zauna su tattauna. Hukumar JICA ta Japan ta fara wani shirin horar da malamai a Kenya a 1998 da sunan SMASSE. A 2006 shirin ya iso Nijar, ya fara da Yamai da Doso da Tilaberi, kafin zagaye na biyu da ya soma a 2010 ya kai ga sauran jihohi, har da Maradi. Tsarinsa mataki huɗu ne: a shirya, a aiwatar, a duba, a gyara. Ya kuma nace a kan amfani da abin da ke kusa, kara ko tsakuwa ko marfin kwalba, maimakon jiran kayan aiki daga waje.

Abin da ya fi canzawa a zaman malamai shi ne aikin jagora. A da, mai ba malamai shawara ko daraktan makaranta yakan tsaya gaban allo ya yi ta bayani, saura na kwafa. A sabon salo tambaya yake kawowa, ya riƙe amsa. Misali: buhun gero mai tiya 40, an sayar da kashi 3 cikin 8, tiya nawa ta rage? Wani rukuni zai raba 40 gida takwas, ya ninka 5 sau uku, ya cire 15. Wani zai bi hanyar 'yan kasuwa, rabi 20, rabinsa 10, rabinsa 5, ya ƙirga kaso biyar da suka rage. Duk su tsaya a 25. Jagora nagari yana zagayawa yana saurare, ya zaɓi wanda zai fara fita allo, kuma ba ya kunyata wanda ya kuskure. Tambayarsa ita ce: "Malam, ta ina ka bi?" Daga nan a koma kan yara: a wane mataki ne za su yi tuntuɓe?

A Maradi wannan tambaya tana da nauyi. Yaron da ke tallar albasa a Jiratawa ya iya canji da ka, amma da dala yake ƙirga, dala ashirin ita ce faran 100. A aji kuwa da Faransanci ake tambayarsa, da faran. Malamin da ya tattauna wannan da 'yan uwansa ya san yaron ba daƙiƙi ba ne, gada yake nema tsakanin lissafi biyu.

Alƙaluma sun nuna girman aikin. A gwajin PASEC na 2014, ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na 'yan ajin ƙarshe na firamare a Nijar ne suka kai matakin da ake so a lissafi. A 2017 gwamnati ta yi wa malaman kwantiragi jarrabawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka samu matsakaicin maki. Gwajin PASEC na 2019 ya nuna yaran da suka kai matakin sun haura kashi 20.

Matsalar CAPED har yau ita ce kuɗin mota da na abinci: in ba su fito ba, zama yakan tsaya. Shi ya sa aka ƙara da ƙaramin zama, mini-CAPED, wanda malamai ke yi kusa da gida, a ƙarƙashin darakta, ba tare da doguwar tafiya ba.