Daga Amanar Maigida Zuwa Hatimin Hukuma

Kakana ya yi shekara goma sha tara a Kumasi, amma da ya dawo Kano a ƙarshen 1969 abin da ya shigo da shi gida bai wuce akwatin ƙarfe ɗaya da buta ba. Tun ina yaro nake tambayar kaina yadda mutum zai share rabin ƙuruciyarsa yana nema a wata ƙasa, a wayi gari a ce masa ya fita cikin mako biyu. Neman amsar ne ya kai ni ga tarihin zango.

Bahaushe ya daɗe da sanin hanyar Gwanja. A ƙarni na goma sha tara ayarin fatake kan tashi daga Kano da kanwa da tufafi da fatu, madugu na gaba, su yi watanni kafin su isa Salaga, inda ake sayen goron Asante. Saurayin da ba shi da jari yakan bi ayarin a matsayin ɗan dako ko mai kora jakuna. Idan ya sauka, babu mai tambayarsa takarda. Tambayar ita ce: a gidan wa ka sauka? Maigidan zango shi ke ba baƙo masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa idan zai ci bashi, ya karɓi la'adarsa. Sunan maigida shi ne shaidar baƙo, kuma wanda ya ci amana sau ɗaya labarinsa kan riga shi isa zango na gaba.

Bayan da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, hanyoyin goro suka fara sauyawa, sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwar garin. Wasu suka nufi Kete-Krachi, inda Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna har rasuwarsa a 1934. Wasu suka gangara Kumasi da Ankara. Da noman koko ya bunƙasa, aiki ya yawaita a gonaki da ma'adinai da tashar jirgin ruwa. A wannan tsari kakana ya shiga. Ya ce mini ranar da ya isa, wani mahauci ɗan unguwarsu ya kai shi gaban sarkin zango, kashegari ya fara ɗaurin huhun goro.

Abin da bai lura da shi ba shi ne, ƙasa ta sauya a ƙarƙashin ƙafarsa. Gana ta sami 'yanci a 1957, Nijeriya a 1960, mutumin da jiya ɗan zango ne ya zama ɗan wata ƙasa. Farashin koko ya faɗi, aiki ya yi wuya, ido ya koma kan baƙi. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako biyu ya samo shi ko ya fice. Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa suka cika tashoshin mota, cikinsu har da waɗanda a can aka yanke musu cibiya. Sarkin zango ya san kakana, limami ya san shi, amma babu ɗayansu da ke da hatimi.

Ba zan ɗora wa Gana laifi ita kaɗai ba. A Janairun 1983, da kuɗin man fetur ya ja baya, gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takarda, 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya suka kama hanya, alhali tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a yarjejeniyar zirga-zirga. Jakar da muke kira Gana-mas-go tana nan a kasuwanninmu, muna zuba kaya cikinta ba tare da tunanin asalin sunan ba.

Yau ƙannena na shirin Saudiyya da Libiya, kowane yana faɗa mini sunan wanda zai sauke shi. Nakan ce musu su riƙe wannan mutumin da kyau, domin ta hannunsa aiki zai fito, kamar yadda ya fito wa kakanmu. Sai dai kafin su hau mota nakan buɗe musu akwatin ƙarfen nan, su duba da idonsu: akwai tazbaha, akwai littafin bashin goro, babu takardar izinin zama ko ɗaya.