Daga Ibadan Zuwa Kwoi: Gardamar da Ta Raini Ilimin Tauhidin Kirista a Afirka

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, yawancin makarantun Baibul da 'yan mishan suka buɗe a Afirka ba wurin bincike ba ne. Ana horar da mai bishara ne ya iya karatu, ya iya wa'azi, ya kula da ikilisiyar ƙauye. Manyan littattafan tauhidi kuwa daga Turai da Amurka ake kawo su, da tambayoyinsu da amsoshinsu duka. Dattijon da ya tuba yana so ya san inda mahaifinsa yake, wanda ya mutu bai taɓa jin bishara ba, amma babu babin da ya tanadar masa amsa.

A 1956 wasu limaman Katolika baƙar fata suka fitar da littafi da Faransanci a Faris, suna tambayar matsayin al'adunsu a cikin ikilisiya. A 1960 aka yi muhawara a Jami'ar Lovanium ta Kinshasa tsakanin wani ɗalibi, Tharcisse Tshibangu, da shugaban tsangayarsa, Alfred Vanneste ɗan Beljiyam. Ɗalibin ya ce Afirka na bukatar tauhidi mai kamanninta. Malamin ya ce tauhidi ɗaya ne a duk duniya. Ɗalibin nan daga baya ya zama bishop.

A ɓangaren masu Turanci, Jami'ar Ibadan ce ta ja gaba. A can Bolaji Idowu, faston Methodist, ya wallafa Olodumare a 1962, inda ya nuna cewa Yarbawa sun san Allah Maɗaukaki tun kafin wani Bature ya sauka a gaɓar teku. John Mbiti ɗan Kenya, wanda ya yi digirin digirgir a Kambirij ya kuma koyar a Makerere, ya faɗaɗa maganar a littafinsa na 1969 kan addinai da falsafar Afirka. A wurinsa addinin gargajiya share fage ne ga bishara. Sun sha suka ta wata fuska da ba su zata ba: marubuci Okot p'Bitek na Uganda, wanda ba ruwansa da coci, ya zarge su da yi wa allolin Afirka ado da tufafin aro don su burge Turawa.

Amma suka mafi zafi daga Kwoi ta fito, a ƙasar Jaba da ke kudancin Kaduna. An haifi Byang Kato a 1936 a gidan masu bin addinin gargajiya, ya shiga Kiristanci yana yaro ta hannun mishan ɗin SIM. Ya yi karatu a Igbaja, sannan Landan, sannan Dallas ta Amurka. Ya riƙe muƙamin babban sakataren cocin ECWA, a 1973 kuma aka ba shi muƙamin babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska, mai hedikwata a Nairobi. A littafinsa na 1975, Theological Pitfalls in Africa, ya kama sunan Mbiti da Idowu ƙarara. Hujjarsa ita ce: Jaba sun san akwai Mahalicci, ba ya musun haka, amma sanin Mahalicci daban, ceto daban. Yana tsoron kada ɗokin wanke al'ada daga raini ya kai masana ga cewa kowace hanya tana kai mutum gida.

An daɗe ana yi wa Kato kallon ɗan amshin shatan Amurkawa. A ganina wannan rashin adalci ne. Mutumin da ya tashi a gidan da ake yanka wa dodo, ya ga tsoron da ke tattare da abin da idonsa, yana da haƙƙin ya ƙi yarda a mayar da shi zallar falsafa mai daɗin karantawa. Inda za a kama shi shi ne zafin alƙalami, da saurin yanke wa abokan gardamarsa hukunci a kan abin da ba lallai shi suke nufi ba. Bai samu damar gyarawa ba. A watan Disambar 1975 ruwa ya ci shi a gaɓar teku kusa da Mombasa, yana da shekara 39. Makarantun tauhidin da ya yi ta fafutukar a kafa sun tashi bayan ransa: ta Bangui a 1977, ta Nairobi a 1983.

Wanda ya sauya fasalin gardamar shi ne Kwame Bediako na Gana. Ya yi bincikensa a Aberdeen ƙarƙashin Andrew Walls, Baturen da ya koyar a Saliyo da Nsukka. A Theology and Identity na 1992, Bediako ya jera masanan Afirka huɗu, har da Idowu da Mbiti da Kato, kusa da malaman ikilisiya na ƙarni na 2. Sai ga shi rigimar tsohuwa ce. Justin da Clement na Iskandariya sun ga alheri a falsafar Girkawa, Tertullian na Kartaj kuwa ya juya mata baya. Ke nan Kato yana da kaka a tarihin ikilisiya, kakan ma ɗan Afirka ta Arewa. Lamin Sanneh ɗan Gambiya, wanda ya tashi a gidan Musulmi ya ƙare yana farfesa a Yale, ya ƙara da nasa a 1989: da 'yan mishan suka juya Littafi Mai Tsarki zuwa harsunan mutane, sun miƙa musu ikon fassara addinin da kansu, ko sun sani ko ba su sani ba. A shekarar ce kuma Mercy Amba Oduyoye ta tara mata masana tauhidi a Accra, don duk wannan muhawara maza ne ke yin ta, alhali mata ne suka cika bencin coci.

A arewacin Najeriya cibiyoyin sun yi ƙarfi. Kwalejin tauhidi ta TCNN ta fara aiki a 1959, tana Bukuru a yau. Makarantar tauhidi ta ECWA a Jos ta biyo baya a 1980, inda Yusufu Turaki ya yi suna da rubutu kan mulkin mallaka da dangantakar Kirista da Musulmi. Wannan dangantakar ce tambayar da ta fi ci wa ɗaliban yankin tuwo a ƙwarya yanzu, fiye da ta dodo.

Sai dai akwai giɓin da har yau ba a cike ba. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa yana hannun jama'a tun 1932, kuma dubban fastoci da Hausa suke wa'azi kowace Lahadi, amma kusan duk kundin binciken da ake karewa a waɗannan makarantu da Turanci ake rubuta shi. Mbiti kansa sai da ya tsufa a Suwizalan ya zauna ya juya Sabon Alkawari daga Girkanci zuwa harshensa na Kikamba, aka buga a 2014, shekara biyar kafin rasuwarsa.