Ƙofar Kaura da Tarihin Ruwan Birnin Katsina

Galibin waɗanda suka yi rubutu a kan ganuwar Katsina ta fuskar yaƙi suka dube ta, watau tsawonta da kaurinta, da irin tsaron da ta ba mutanen birni. Wannan kuwa gaskiya ne, amma ba shi ke nan ba. Ganuwar da ƙofofinta suna da wani tarihi na biyu wanda ba a cika kula da shi ba, shi ne na ruwa. Ƙofar Kaura kuwa ita ce ta fi nuna shi a fili.

Ƙofar tana kudancin birni, ta nan hanyar Kano ta fita. Ta sami sunanta daga sarautar Kaura, wanda shi ne babban sarkin yaƙin Katsina tun zamanin sarakunan Haɓe. Masu tarihi suna danganta ginin babbar ganuwa ga Sarki Ali Murabus, a ƙarni na 16, bayan Muhammadu Korau ya kafa gidan sarautarsa a ƙarni na 15.

Wanda zai fahimci al'amarin sai ya fara duba ƙasar. Katsina ba ta bisa wani babban kogi. Rafukanta, Ginzo da Tille, sai da damina suke gudu, damina kuwa ba ta cika wuce wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya sauka Katsina a 1851 da kuma 1853, ya lura ƙasar tana bisa tudun da ya raba ruwan da ke gangarawa Kwara da wanda ke gangarawa Tafkin Chadi, ya kuwa yaba lafiyarta saboda ruwa ba ya kwanciya. Amma abin da ya zama lafiya ga jiki ya zama wahala ga tulu, gama ruwan da ba ya kwanciya sai an yi dabara kafin a tsare shi har rani.

Dabarar magabata tana cikin ginin kansa. Ganuwa da ƙasa aka yi ta, haka fada, haka masallatai irin su Gobarau, haka gidajen talakawa. Duk inda aka ɗebi ƙasar tubali sai a bar rami. Ramin da ya bi bayan ganuwa ya zama shinge ga dawakin abokan gaba, waɗanda ke cikin unguwanni kuwa suka zama kududdufai. In an yi ruwan sama, na indararo ya zuba a lungu, na lungu ya gangara kududdufi, sa'an nan ya riƙa tsatsafowa a hankali cikin ƙasa, rijiyoyin da ke kewaye su ɗauka. Saboda haka kududdufi ɗaya yana aiki uku: yana hana ambaliya da damina, yana ba magina da masu dabbobi da masu lambu ruwa da kaka, yana kuma riƙe rijiya da rani. Bayan kowace damina in an fito gayyar gyaran ganuwa, ƙasar da za a ɗiba ita ce yasar ramin.

Har ila yau ganuwar ta kewaye fili da yawa wanda ba gidaje. Barth ya ƙiyasta kewayenta mil 13 zuwa 14, mazaunanta kuwa ba su wuce 7,000 ko 8,000 ba, kuma suna tattare a arewa maso yamma. Garin ya ragu ne bayan jihadi, lokacin da Malam Umarun Dallaji ya karɓe shi a 1807, zuriyar sarakunan da aka kora suka kafa Maraɗi, yaƙi ya daɗe tsakaninsu, fatake suka karkata Kano. Ashe ke nan wanda ya shigo ta Ƙofar Kaura a zamanin sai ya ratsa gonaki da makiyaya kafin ya kai ga gidaje. Wannan fili shi ne rumbun gari in an yi masa zobe, kuma shi ne ke shanye ruwan sama.

Kada a ɗauka tsarin ba shi da aibi. Kududdufi gidan sauro ne, kuma ta ruwan kwance ake kamuwa da tsargiya da kurkunu, cutar da ba a tabbatar Nijeriya ta rabu da ita ba sai a 1913 ta cika shekara 100, watau 2013. Ita 1913 ɗin ita ce shekarar farin da ya haifar da yunwar Kakalaba, wadda ta nuna cewa in sama ta ƙi, rami ba ya yin ruwa da kansa.

Da Turawa suka zo a 1903, yaƙi ya ƙare, gyaran ganuwa ya daina zama tilas. Ruwan sama ya yi ta cinta, mutane kuma suka yi ta ɗibarta suna gini. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, daga 1906 zuwa 1944, da na ɗansa Usman Nagogo, daga 1944 zuwa 1981, gari ya cika ya fara tumbatsa. Bayan an yi Jihar Katsina a 1987 sai unguwanni da ofisoshi suka bazu bayan Ƙofar Kaura. Bulo da siminti suka maye gurbin tubali, ba a sāke bukatar ramin ƙasa ba, kududdufai da yawa suka zama juji, daga baya aka cike su aka yi gini.

Ruwan sha kuwa sai aka koma nemo shi daga nesa. Madatsar Ajiwa, bisa kogin Tagwai a yankin Ɓatagarawa, ta fara aiki a 1975, bayan farin 1972 zuwa 1974. Madatsar Zoɓe kusa da Dutsin-Ma an gama ta a 1983, amma an shafe fiye da shekara 30 kafin aikin kai ruwanta garuruwa ya kankama. A Ƙofar Kaura aka kafa tashar da ke tura ruwan famfo cikin gari, a nan kuma aka buɗe hanyar mota ta ƙarƙashin ƙasa a 2023. Inda famfo bai kai ba, sai burtsatse da 'yan garuwa.

Abin lura ga malamai masu koyar da tarihi shi ne, birnin dā yana tsare ruwan da ya sauka cikinsa, na baya kuwa yana korarsa ta magudana, sa'an nan ya saye wani daga nesa. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, amma ba ya zama a ƙasa sai an bar masa wurin shiga. Ya kamata ɗaliban kwalejojin horon malamai su bi dattawan unguwanni, su rubuta sunayen kududdufai da tsofaffin rijiyoyi da inda kowanne yake, tun masu sani suna raye. Inda aka cike kududdufi, nan ruwa zai nema ran da aka yi mamako.