Daga Homa Zuwa Kwarkwaron Fatsa: Tarihin Zaɓen Kayan Su a Ƙasar Arewa

Ƙasar Arewa ba ta da kogi mai gudu. Dallol Mawri, kwarin da ya ratsa gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri ya gangara kudu wajen Gaya, tsohon kogi ne da ya ƙafe tun dubban shekaru, ya bar rairayi a sama da ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Da damina, daga watan Yuni zuwa Satumba, ruwan da ke gangarowa daga tuddai yakan taru a fadamu ya zama tabkuna, irin Tabkin Saw na Dogon Dutsi. Wasu su ƙafe da kaka, wasu su kai tsakiyar rani. A irin wannan ruwa mai zuwa ya tafi, kowane makamin su da mutum ya ɗauka yana da sakamako a kan kifin baɗi. Shi ya sa tarihin kayan su, daga homar kakanni zuwa ƙaramar na'urar naɗe zaren fatsa da ake ƙerawa a Japan, ya cancanci a dube shi daga nan.

Kifin tabki iri uku ne aka fi sani. Akwai karfasa, mai yawan haihuwa, wadda ba ta cika girma ba idan ruwa ya yi mata kaɗan. Akwai tarwaɗa, mai jure taɓo da ƙarancin iska. Sai gaiwa, wadda idan tabki ya ƙafe takan nutse cikin laka ta rufe kanta da yauƙi, ta kwanta watanni tana jiran damina. Mai neman gaiwa da rani hauya yake ɗauka, domin tono ta ake yi.

Ƙwarewar su ta gaske a wannan yanki tana wajen maƙwabta, wato Kabawa. Argungu tana kudu maso gabas da Dogon Dutsi, tazarar da ba ta wuce kilomita 110 da ƴan kai ba idan an ja miƙaƙƙen layi, kuma zumunci tsakanin Arewa da Kabi tsoho ne: a 1849, lokacin da Yakubu Nabame ya yi wa Gwandu da Sakkwato tawaye, Arawa na cikin waɗanda suka mara masa baya tare da Zabarmawa da Dandawa. Sarkawa, masuntan Kabi, sun bazu da jiragensu a kan kogin Kwara har ƙasar Mali, kuma kayan aikinsu suna da suna ɗaya bayan ɗaya: homa da ake riƙewa a hannu, gora da masunci ke kifa ciki a kai ya yi iyo, birgi da ake wurgawa, taru da ake ja da mutane da yawa, gura da ake girkewa a mashigar kifi, mamari mai jerin ƙugiyoyi, da mashi na manyan kifaye. Fatsa kuwa, sanda da zare da ƙugiya ɗaya, ta yara ce da masu neman na miya.

Bikin su na Argungu, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ya adana ƙa'idar da ke bayan waɗannan kaya. Ana hana su a Matan Fada tsawon shekara, Sarkin Ruwa ya buɗe ruwa a rana ƙayyadajjiya, kuma da homa da gora kaɗai ake shiga. Da su ne aka fid da giwan ruwa mai kilo 78 a bikin 2020. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016. Abin lura shi ne, al'ada ta ƙayyade abu biyu tare: lokacin su da makamin su.

A daidai ƙarnin da Argungu ke tsara bikinta, Turai na bin wata hanya dabam. A can fatsa ta zama wasan masu hali, kuma matsalarsu ita ce yadda za a jefa ɗan ƙaramin koto nesa. Tsoffin na'urorin naɗe zare suna juyawa ne yayin jifa, don haka sai koto mai nauyi ke iya jan su. A 1905 wani mai masaƙa a yankin Bradford ta Ingila, Alfred Illingworth, ya yi rajistar wata dabara da duk masaƙin ƙasar Hausa zai gane: kwarkwaro ya tsaya cik, zare ya warware ta bakinsa ba tare da ya juya komai ba, sa'an nan wani ɗan ƙarfe mai kewaya shi ya sake naɗe zaren idan an murɗa hannu. A 1948 kamfanin Carpano da Pons na garin Cluses a Faransa, garin maƙeran agogo, ya fito da samfurin Mitchell wanda aka sayar da miliyoyinsa. Daga baya kamfanonin Japan, Shimano da Daiwa, suka shiga gaba a kasuwar.

Wannan kwarkwaro bai yi amfani sosai ba sai da ya sami zaren da ya dace da shi. Kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro nailan a 1935, ya fara sayar da zaren fatsa na nailan a 1939. Zare ne siriri, mai ƙarfi, ba ya ruɓewa, kuma da ƙyar kifi ke ganinsa a ruwa. Karin maganar nan ta kifi na ganinka mai jar koma ta zamanin zaren auduga ce da ake rinawa don ya jure ruwa. Nailan ya ɓoye komar daga idon kifi.

Cikin abubuwan nan biyu, zaren ne ya iso yammacin Afirka da ƙarfi, tun daga shekarun 1950 da 1960, kwarkwaron kuwa ya tsaya a hannun ƴan tsiraru. Dalilin a bayyane yake: masunci mai iyali kifin kasuwa yake nema, kuma raga ɗaya ta nailan tana kama abin da fatsa ba za ta kama a mako ba. Sai dai araha da ƙarkon zaren sun zo da illa. Idon raga ya riƙa ƙanƙancewa, har a wurare da yawa aka kai ga jan gidan sauro a tabki, a kwashe uwa da ƴaƴa. Ga farin 1973 da na 1984 sun rage ruwa. Hukumar ruwa da gandun daji ta Nijar ta shiga zuba ƴaƴan kifi a tabkuna, kuma dokar su ta 1998 ta hana amfani da guba da nakiya. Hukuma ta dawo ke nan kan abin da Sarkin Ruwa ke yi tun da.

Wanda ya yi niyyar sayen kwarkwaro mafi sauƙin nauyi, malamin makaranta ne ko matashi, ya kamata ya san iyakarsa. Masu ƙera shi kan sa masa lamba 500 ko 1000, nauyinsa gram 150 zuwa 200, kuma zaren da yake ɗauka yana tsinkewa a kilo 1 zuwa 3. Murɗa hannu sau ɗaya kan naɗe zare kamar sau 5. Abin da ya fi muhimmanci a duba shi ne birkinsa, wanda ke sakin zare a hankali idan kifi ya fizga. Birki mai sarƙewa shi ke tsinka zare. Ga karfasa da ƙananan kifaye a buɗaɗɗen ruwa, ya dace ƙwarai. Ga babbar tarwaɗa a tabki mai bado da saiwoyi, sai lamba 2500 ko sama da zare mai kauri. A ƙasar rairayi da hunturu kuma, mai sauƙin kwancewa a share a sa mai ya fi mai ƙyalli, tun da kayan gyaransa ba su samuwa a kasuwannin ƙauye.

Fatsa ba za ta ciyar da gari ba, amma tana da halin da homa ke da shi: ɗaya ɗaya take kamawa, kuma mai ita yana iya mayar da ƙaramin kifi ruwa. Ƙungiyoyin al'adu da makarantun Arewa suna da aikin da za su iya yi tun tsofaffin masunta na raye, wato su tattara sunayen kayan su, da faɗin idon kowace raga, da watan da a da ake buɗe kowane tabki. Kwamitin garin da zai tsara dokar tabkinsa gobe zai bukaci wannan lissafi.