Siraran haruffan da suka cika allunan Daura

Duk motar da aka yi wa rajista a Daura tana ɗauke da DRA a lambarta, cikin dogayen haruffa sirara, marasa 'yan ƙafafun ado irin na rubutun littafi. Irinsu ne a allunan shagunan kasuwa, da fastocin siyasa, da ƙyallayen barka da Sallah da ake ratayawa ranar hawan Sarki. Ido ya saba da su har ba ya tambayar daga ina suka fito.

Asalinsu Landan ne. A 1816 William Caslon na huɗu ya fitar da haruffan ɗab'i na farko marasa ƙafafu. Kasuwanci na bunƙasa, bangon birni ya cika da takardun talla, kowane mai haja yana son a hango sunansa daga nesa. Sai dai takarda ba ta da faɗi. Masu zuba haruffan dalma suka gano dabara: a matse harafi ta gefe, a bar masa tsayinsa, a ƙara masa kauri. Haka doguwar kalma ta samu wuri a layi guda ba tare da ta ƙanƙance ba.

Daga nan kowa ya ja abin zuwa ga bukatarsa. A Amurka, Morris Fuller Benton ya zana Alternate Gothic a 1903, jaridu suka riƙe shi don kanun labarai. Hukumar jiragen ƙasa ta Furushiya ta tsara nata a 1905 don rubutu a jikin taragu, wanda daga baya ya zama siririn nau'in DIN 1451 na alamun hanyar Jamus. A 1965 Geoffrey Lee ya zana Impact a Ingila. Da Microsoft ya sa shi cikin Windows, sai ya isa duk shagon da ke da kwamfuta, har na masu buga katin biki a Daura. Kafin haka, mai fenti ne da buroshinsa yake matse haruffa da ido, in ya ga allo zai ƙare suna bai ƙare ba.

Amma waɗannan haruffa ba don Hausa aka ƙera su ba. Tun shekarun 1930 rubutun boko ya karɓi ɓ da ɗ da ƙ, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Zariya a 1939 ta yaɗa su. Da yawa daga cikin siraran haruffan kwamfuta ba su da waɗannan masu lanƙwasa, dole mai buga kati ya yar da ƙugiyar. Mutanen Daura, garin Bayajidda, sun fi kowa ganin illar: a katin gayyata, ɗaura aure da sunan Daura sukan fito da harafi iri ɗaya. Yanzu akwai haruffa na kyauta, kamar Noto Sans mai siririn nau'i, da suka tanadi ukun duka, saura masu ɗab'in garin su sauke su a kwamfutocinsu.